Japon a Idon Maraɗi: Tarihin Wata Ƙasa Cikin Littattafai da Fina-finai

Gabatarwa

Babu wanda zai ratsa babbar kasuwar Maraɗi, ko ya ɗan tsaya a tashar motocin Tibiri, bai ci karo da sunan Japon ba. Yana nan a goshin Toyota, yana nan a tankin Honda da Yamaha, yana kuma jikin injin ban ruwa da ke kuka a fadamun gulbi. In dillali na son yabon kayansa, ya isa ya ce ɗan asalin Japon ne. Ƙarfen wannan ƙasa mun san shi sarai, mutanenta ne ba mu sani ba. Wannan maƙala za ta bi sawun yadda hoton Japon ya iso kwarin Maraɗi, sannan ta leƙa tarihin ƙasar ta kafar littattafanta da fina-finanta. Dalilin yin haka a fili yake: tambayar da ke gaban malaman Nijar a yau, wato da wane harshe za a ba yara ilimin zamani, Japon ta gamu da ita tun shekara 150 da suka wuce, ta kuma ba ta amsar da ke da amfani da illa a lokaci guda.

Baƙo cikin rigar aro

A shekarun 1970 da 1980, lokacin da silimar Vox da ta Ɗan Kasawa ke cika maƙil da dare, fina-finai iri uku ne suka mallaki zukatan samari: na Indiya, na kaboyi, da na faɗa waɗanda ake kira Shinuwa ko karate. Galibin na ƙarshen nan a Hong Kong aka shirya su. Kalmar karate kuwa ta Japon ce, wasan daga tsibirin Okinawa ya fito. Judo ma na can ne, wani malamin makaranta mai suna Kano Jigoro ya tsara shi a 1882, kuma sunansa bai haɗa komai da birnin Kano ba. Sai dai ɗan kallo bai damu da rarrabe Sin da Japon ba. A fim ɗin Bruce Lee na 1972, La Fureur de vaincre, mugayen da ake tafa wa jarumi in ya doke su ƴan Japon ne da suka addabi birnin Shanghai. Ke nan hoton farko da muka samu na Japon maƙwabtanta ne suka zana mana shi, maƙwabta masu ƙullaci, kuma za mu ga nan gaba cewa ƙullacin yana da tushe.

Akwai wata hanya ta biyu da Japon ta shigo ba tare da an gane ta ba. Fim ɗin kaboyi Les Sept Mercenaires na 1960 sake ɗinki ne na Les Sept Samouraïs, wanda Kurosawa Akira ya fitar a 1954. Pour une poignée de dollars na 1964, wanda ya ɗaukaka Clint Eastwood, daga Yojimbo na Kurosawa aka kwafo shi. Hatta Sholay na 1975, wanda kusan kowane Bahaushe mai shekara arba'in ya san sunan mugunsa, a kan wannan ginshiƙi aka gina shi: ƙauye ya rasa yadda zai yi da ƴan fashi, sai aka nemo mayaƙa daga waje. Lokacin da Mustafa Alasan ya yi Le Retour d'un aventurier a 1966, inda samarin ƙauyen Nijar suka sa hular kaboyi suka hau dawaki, yana yi wa wani salo dariya ne wanda shi kansa ya ci bashin Japon. Daga baya zanen Goldorak da Olive et Tom suka iso wa yaranmu ta tashoshin Faransa, da sunayen Turawa da muryoyin Turawa. Ko'ina aka duba, baƙon cikin rigar aro ya zo.

Barade bakwai da manoman kwari

In ana son ganin baƙon da tufafinsa na gida, to da Les Sept Samouraïs ya kamata a fara. Labarin ya faru a 1586, zamanin da yaƙin basasa ya ɗaiɗaita Japon. Manoman wani ƙauye sun ji cewa mahara za su dawo bayan girbi. Ba su da kuɗi, ba su da makami. Suka shiga gari neman samurai, wato barade, daga cikin waɗanda suka rasa ubangida kuma yunwa ta kama su. Ladan da suka iya bayarwa shi ne abinci kawai: baraden su ci shinkafa, su kuwa manoman su koma cin gero. Barade bakwai suka yarda. Suka kewaye ƙauyen da shinge, suka malala ruwa a wasu gonaki don tare hanya, suka koya wa manoma riƙon mashin gora. An ci mahara arba'in, amma huɗu daga cikin baraden sun kwanta dama. Fim ɗin ya ƙare manoma na dashen shinkafa suna waƙa, shugaban baraden na kallon kaburbura, ya gane cewa nasarar ta masu ƙasa ce, su dai an yi amfani da su an wuce.

Mutumin Maraɗi ba ya bukatar a yi masa dogon sharhi a kan wannan labari. Bayan da Katsina ta faɗa hannun masu jihadi wajen 1807, gidan sarautarta ya yi gudun hijira zuwa arewa, har Ɗan Kasawa ya kafu a Maraɗi wajen 1819. A 1836 aka yi yaƙin Gawakuke, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina na Maraɗi Rauda suka rasa rayukansu, bayansa ne Gobirawa ƙarƙashin Mayaƙi suka kafa Tibiri. Waɗannan mahaya dawaki ba daji kawai suka tarar ba. Sun iske manoma Anna da ƙauyukansu a cikin kwarin, da kurmin da ke ba su mafaka. Zaman da aka yi tsakanin birni da ƙauyuka irin su Jiratawa a tsawon ƙarni na 19, har zuwa zamanin Ɗan Baskore da bayansa, ya tsaya a kan irin cinikin da Kurosawa ya nuna: hatsi daga wannan ɓangare, kariya daga wancan, da rashin yarda a tsakani. A cikin fim ɗin akwai wani barde na jabu, ɗan manoma, wanda ya fito fili ya ce wa baraden in manomi ya zama maƙaryaci mai ɓoye hatsi, to masu takobi ne suka mai da shi haka. Tarihinmu na baka ya adana kirarin sarakuna da sunayen dawakinsu, amma irin wannan murya ta mai rumbu ba kasafai ake jin ta ba. Malamin tarihi da ya nuna wa ɗalibansa wannan fim zai iya tura su Tibiri da Jiratawa su nemo ta a bakin tsofaffi.

Ƙofa a rufe, taga a buɗe

Yaƙin basasar ya ƙare da nasarar gidan Tokugawa a Sekigahara a 1600. Daga 1603 zuwa 1868 su ne shogun, wato sarakunan yaƙi masu riƙe da mulki a Edo, Tokyo ta yau, shi kuwa sarkin sarakuna yana Kyoto da daraja ba iko. A shekarun 1630 suka kori ƴan mishan da fataken Fotugal, suka hana ƴan ƙasa fita. Amma sun bar taga guda ga Turai: ɗan tsibirin Dejima a bakin Nagasaki, inda aka tsugunar da fataken Holan tun 1641. Ta wannan taga littattafai suka riƙa shigowa.

A 1771 wasu likitoci, cikinsu har da Sugita Genpaku da Maeno Ryotaku, suka halarci fiɗar gawar wata da aka yanke wa hukuncin kisa, riƙe da wani littafin Holan mai zanen sassan jiki. Suka ga zanen baƙin ya dace da abin da ke gabansu, na littattafan da suka gada kuwa bai dace ba. Nan take suka ɗaura niyyar fassara shi, alhali ba su da ƙamus na kirki. Aikin ya fito a 1774 da sunan Kaitai Shinsho. Inda babu kalma sai suka ƙera ta. Shinkei, sunan da suka laƙaba wa jijiyar da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa, har gobe da shi likitan Japon ke aiki.

A daidai wannan zamani kuma, garuruwa da ƙauyuka sun cika da ƙananan makarantu da ake kira terakoya, inda malami guda ke koya wa ƴaƴan fatake da manoma karatu da rubutu da lissafi. Kamanninsu da makarantun allonmu ba ɓoyayye ba ne. Kamar yadda Larabci ya zama harshen ilimi a wurinmu, haka rubutun Sin ya zama a wurinsu, kuma daga haruffan Sin suka ƙago kana, ajaminsu na gida. Da wannan ajami ne wata mace ta fada, Murasaki Shikibu, ta rubuta Le Dit du Genji a farkon ƙarni na 11, lokacin da manyan maza ke ganin rubutu da harshen gida ƙasƙanci ne. Yau littafinta ne ake ɗauka a matsayin ƙololuwar adabin ƙasar. Wanda ya san aikin Nana Asma'u, wadda ta isar da ilimi ga mata da Hausa da Fulatanci, zai gane wannan hanya.

Meiji: ilimin baƙo, harshen gida

A 1853 jiragen yaƙin Amurka ƙarƙashin Perry suka tsaya a bakin Edo suka tilasta a buɗe ƙofa. Aka ɗora wa Japon yarjejeniyoyin da suka hana kotunanta hukunta Bature. Wannan wulaƙanci ya kada gidan Tokugawa, aka mai da mulki ga sarkin sarakuna Meiji a 1868. Sabbin shugabannin ba su tsaya kuka ba. Daga 1871 zuwa 1873 tawagar Iwakura ta zaga Amurka da Turai tana duba makarantu da masana'antu da kotuna. A 1872 aka kafa dokar ilimi ga kowa, mace da namiji. A 1876 aka hana barade yawo da takobi. Kafin 1910, fiye da kashi 90 cikin 100 na yaran ƙasar suna makarantar firamare.

Abin da ya fi shafar mu shi ne gardamar harshe. Mori Arinori, wanda daga baya ya zama ministan ilimi a 1885, ya rubuta wa masanin harsuna na Amurka William Whitney wasiƙa a 1872 yana shawarar a ɗauki Ingilishi mai sauƙi, don a ganinsa harshen Japon ba zai iya ɗaukar ilimin zamani ba. Whitney ya ba shi shawarar kada a yi haka, domin ilimi zai zama na tsiraru, talakawa su koma ƴan kallo. Ƙasar ta zaɓi hanya mai wuya, wato fassara. Aka ƙera kalmomi ga falsafa, da al'umma, da kimiyya, da wayar tarho. Fukuzawa Yukichi, wanda ya kafa makarantar da ta zama jami'ar Keio, ya rubuta L'Appel à l'étude tsakanin 1872 da 1876 da harshe mai sauƙi don talaka ya gane. An fassara Le Tour du monde en quatre-vingts jours na Jules Verne kai tsaye daga Faransanci a 1878, Nakae Chomin kuma ya gabatar da Du contrat social na Rousseau ga masu karatun ƙasarsa a 1882. Jarabar barin harshen gida ba ta mutu ba duk da haka: a 1946, bayan shan kaye a yaƙi, fitaccen marubuci Shiga Naoya ya ba da shawarar a mai da Faransanci harshen ƙasa. Ba a bi ta tasa ba.

Ya kamata a ajiye wata guda a zuciya: Yuli na 1899. A cikinsa ne sabbin yarjejeniyoyi suka fara aiki, kotunan Japon suka sami ikon hukunta baƙi. A cikinsa ne kuma ayarin Voulet da Chanoine, bayan ƙone Birnin Ƙonni da garuruwa da dama, ya watse a ƙasar Tasawa, gabas da Maraɗi. A daidai lokacin da Japon ta kwance igiyar da aka ɗaura mata, ana ɗaura mana tamu. Saboda haka ba adalci ba ne a ce me ya hana mu yin abin da suka yi. Su da kansu suka zaɓi abin da za su ara, mu kuwa zaɓar mana aka yi, har da harshen da za mu yi karatu da shi.

Sauyin ya zo da tsadarsa, marubuta ne kuma suka rubuta lissafin. Natsume Soseki malamin Ingilishi ne, gwamnati ta tura shi Landan daga 1900 zuwa 1902, ya dawo da baƙin cikin mutumin da ya tsaya tsakanin duniya biyu. Botchan na 1906 labarin wani matashin malamin lissafi ne da aka tura makarantar lardi, ya tarar da munafuncin abokan aiki da shaƙiyancin ɗalibai. Duk wanda aka taɓa turawa aji a ƙauye zai yi dariya, ya kuma ji ciwo. Le Pauvre Cœur des hommes na 1914 ya fi nauyi, ya dace a karanta shi kusa da L'Aventure ambiguë na Cheikh Hamidou Kane. A fagen fim, Voyage à Tokyo na Ozu Yasujiro, 1953, ya nuna tsofaffi biyu da suka je birni ganin ƴaƴansu, suka iske kowa na fama da aikinsa. Wadda ta kula da su ita ce matar ɗansu da ya ɓace a yaƙi. Iyayen da ƴaƴansu ke Yamai ko Kano ko Abijan sun san wannan ziyara.

Ɗaya gefen takobin

Harshen da ya ƴantar da Japon shi ne kuma ta yi amfani da shi wajen danne wasu. Ta kama Taiwan a 1895, Koriya a 1910, Manchuriya a 1931, sojojinta suka yi kisan gilla a Nankin a 1937. Nan ne tushen ƙullacin fina-finan Hong Kong. A Koriya an ture harshen mutane daga makaranta, an matsa musu su ɗauki sunayen Japon. A cikin gida ma haka: a makarantun Okinawa akwai wani ɗan katako da ake kira hogen fuda, ana rataya shi a wuyan yaron da aka ji yana magana da harshen uwarsa, ba zai rabu da shi ba sai ya kama wani. Duk wanda ya yi makarantar boko a Nijar a wancan zamani ya san wannan abu da sunan symbole. Harshen Ainu na tsibirin Hokkaido kuwa yana bakin kabari, kuma sai a 2019 doka ta amince da Ainu a matsayin ƴan asalin ƙasa.

Littafin da ya fi dacewa da malamai a nan shi ne Vingt-quatre prunelles na Tsuboi Sakae, 1952, wanda Kinoshita Keisuke ya mai da shi fim a 1954. Wata malama ta karɓi yara 12 a wani tsibiri a 1928. Tana gani makaranta ta koma wurin shirya sojoji, aka zarge ta don ta nuna tana son ɗalibanta su rayu, ta bar aiki. Bayan yaƙi ta ziyarci kaburburan wasu daga cikinsu. Yaƙin ya ƙare da bam na Hiroshima ran 6 ga Agusta 1945 da na Nagasaki ran 9, a shekarar da ambaliyar gulbi ta cinye tsohon birnin Maraɗi aka koma tudu. Pluie noire na Ibuse Masuji, wanda Imamura Shohei ya yi fim ɗinsa a 1989, ya ba da labarin wata budurwa da ta rasa mijin aure don ruwan baƙin toka ya taɓa ta. Mafi yawan uraniyom ɗin bam ɗin Hiroshima daga Kwango aka haƙo shi. Shekaru kusan 30 bayan haka, wani kamfanin Japon ya riƙe kashi 25 cikin 100 na COMINAK, wadda aka kafa a 1974 kusa da Arlit, aka rufe ta a 2021. Alaƙarmu da wannan tarihi ta fi yadda muke zato kusa.

Kammalawa

Nijar ba yau ta fara tunanin koyarwa da harsunanta ba. An yi taron daidaita rubutu a Bamako a 1966, an yi na Hausa a Yamai a 1980. An buɗe makarantar gwaji ta Zangon Damagaram a 1973, dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi a aji, a 2025 kuma kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Japon ma ta sa hannu a makarantunmu: shirin École pour tous na hukumar JICA, wanda ya soma a Tawa a 2004, ya taimaka wajen kafa kwamitocin iyaye masu kula da makarantu.

Darasi biyu ne tarihin da muka bi ya ajiye mana. Na farko, doka ba ta mai da harshe na ilimi, fassara ce ke yin haka, littafi bayan littafi, kalma bayan kalma. Muna da gadon wannan aiki tun daga ajami har zuwa Magana Jari Ce, inda Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga ƙasashe da dama ya sa musu rigar Hausa. Masu fassara fina-finan Indiya a Kano sun kuma nuna cewa ƴan kallo na nan suna jira. Ƙungiyoyin malamai na Maraɗi, tare da ɗaliban lise Ɗan Baskore da na jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, za su iya farawa da abu kaɗan: gajerun labaran Akutagawa, waɗanda daga cikinsu Kurosawa ya ɗauko Rashomon, ba su fi ƴan shafuka ba, a nuna fim guda a wata, a yi muhawararsa da Hausa, a rubuta kalmomin da aka rasa da waɗanda aka samo. Da sannu-sannu ƙwana nesa.

Darasi na biyu gargaɗi ne. Mu da aka rataya wa symbole mun san nauyinsa a wuya. In Hausa ta hau kujera, to kada ɗan Zabarma, ko Bafillace, ko Buzu, ko Babarbare ya ji a aji abin da yaron Okinawa ya ji. Malamin Hausa shi ne ya fi kowa cancantar tsare wannan amana, domin ajinsa ne wurin da za a fara gwada ta.